Cikin Auta Ya Kwanta

Ni aka fara yanka. Ƙanwata ta biyo baya da 'yan shekaru, ita ba a yanka ta ba, kuma abin da ya cuce ta ke nan.

Mu biyu muka rage wa uwarmu. Ni ce babba, ita ce auta, haka kowa ke kiranta har ta yi furfura. Ƙauyenmu na kusa da Lolo, tsakanin gulbi da ƙasar Dahome. Shinkafa muke nomawa a fadama, mu yi bandar kifi, ranar kasuwa mu ɗauka a ka. Rabin danginmu na wancan ɓangaren. Ba mu san da wata iyaka ba sai da aka gitta sanda a hanya, aka sa wani mai gajeren wando yana tambayar mutum inda za shi.

Ciwona ya soma tun Turawa ba su sauka daga mulki ba. Cikina ya riƙa tasowa, da tauri, kamar an kifa mini ƙwarya a ƙarƙashin fata. Na haihu a baya, na san ciki, wannan ba ya motsi. Tsofaffin mata suka taɓa suka ce ciki ne ya kwanta. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Ciki kan kwanta shekaru a jikin mace yana barci, ranar da Allah ya so ya tashi a haife shi. Aka jiƙa mini saiwoyin tada shi. Na sha. Jini ya ɓalle. Wata ya kama, wani ya kama, bai tsaya ba, har tafin hannuna ya yi fari, in na miƙe daga tsugune sai gari ya juya da ni.

Mijina ya ɗora ni a jaki zuwa inda mota ke tsayawa, muka shiga Dahome. Akwai wani asibiti can ciki, yini guda a babbar mota in ba ta lalace ba. A shekarar ce aka canza tuta, su suka riga mu samun 'yancin kai. Na tuna yara a bakin hanya da 'yan tutoci a hannu suna waƙa. Ni ina kwance a kan buhuna, hankalina yana kan kada in ɓata wa mutane kaya.

Likitan Bature ne. Ya danna cikina, ya yi magana da yarensu. Akwai tafinta, namiji, mai jin Hausa da Dandanci, yaren mutanen wajen. Bai dube ni ba, mijina ya fuskanta. Ya ce ƙari ne a mahaifa, ba ɗa ba ne, za a tsaga ciki a fitar da shi da mahaifar gaba ɗaya. Mijina ya ce to. Ni ba wanda ya tambaya, da an tambaye ni ma to ɗin zan ce.

Suka sa mini wani abu a hanci. Na farka da ɗinki daga cibiya har ƙasa. Abin da suka ciro ya ba su mamaki su kansu, suka kawo shi a tasa suka nuna mana. Nama ne mai ƙullutu-ƙullutu, ya kai kan jariri, ya ma fi. Mijina ya duba sau ɗaya ya fita waje.

Na daɗe a gadon nan. Tari ma azaba ne, sai na dafe cikin da hannu biyu. Bakin ɗinkin ya yi ruwa, wata nas ta riƙa wanke shi tana tura auduga ciki. Mutumiyar wajen Gaya ce, ba ta da fara'a amma hannunta na da sauƙi. Da na koma gida na yi watanni ban ɗaga taɓarya ba, ban ɗauki tulu ba. Auta ce ta yi mini daka da ɗibar ruwa. Ranar da ta fara ganin tabon tana cuɗa mini baya, ta leƙo ta yi dariya.

"Yaya, wanga ɗinki na buhun shinkafa ne. Ba su da tela?"

"In naki ya zo ki kai musu naki telan."

"Allah shi kiyashe ni. Ni ba a huda ni."

Ita kuwa tana da nata, ta ɓoye. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowace naƙuda doguwa, kuma ba ɗan da ya kai yaye. Daga haihuwar ƙarshe mahaifarta ta zazzago. Da fari in ta kwanta sai ta koma. Daga baya ta daina komawa. Ta riƙa ɗaure ta da tsumma, wurin ya yi miki, tafiya ta zama a tattale. Ba ta gaya wa kowa ba sai da wari ya tona ta. Mijinta mutumin kirki ne, mai jirgin ruwa, yana kai shinkafa Bagudo ya dawo da gishiri da kananzir. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina.

"Yaya, ke kin san hanya. Ki raka mu."

Muka tafi. Likitan nan ne, tafintan nan ne. Aka duba ta a bayan labule. Aka kira mijin wani ɗaki, ni aka bar ni a waje da kaya. Ya fito fuskarsa a sake. Ya ce mun yi sa'a, ita ba za a tsaga ba, gyara kawai za a yi.

Aka shiga da ita da safe, aka fito da ita kafin azahar. Na ɗaga zanen da suka rufa mata. Cikinta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Robar fitsari kawai suka sa mata, da auduga a ƙasa. Kashegari ta zauna ta sha kunu. Kafin in ankara tana zaga ɗakin tana gaida marasa lafiya, tana tambayar kowa garinsu. Matar da ke gadon kusa da ita, wadda aka tsaga kamar ni a rana ɗaya da ita, ko juyi ba ta iya yi ba tukuna. Na yi murna. Na san abin da aka tsallakar da ita.

Ranar da aka sallame mu na je yi wa nas ɗin nan sallama. Ta gane ni, ta sa na kwance zane ta duba tabona, ta ce ya kama da kyau. Na ce mata ƙanwata ta fi ni sa'a, ita gyara aka yi mata.

Ta ce, "Aikinku ɗaya. An cire tata kamar yadda aka cire taki."

Na ce ba a yanka ta ba.

"Ta ƙasa aka bi. Taki ta yi girma, ba za ta bi ta nan ba, dole a buɗe daga sama. Tata ta riga ta sauko bakin ƙofa, kuma ta lalace. Ɗinkinta na ciki. Shi ya sa ta riga ki tashi. Ki hana ta ɗaukar kaya mai nauyi, ko da ta ce ta warke."

"Ta san an cire?"

"An gaya wa maigidanta."

Aka kira ta wani ɗaki, ta wuce. Mota na jira.

Ni ba na ajiye magana. A cikin motar na gaya wa auta. Na ce an cire mahaifar, haihuwa ta ƙare, gara ta sani tun yanzu. Ta dube ni. Ta sassauta zanenta a gaban matan da ke kusa, ta shafa cikinta.

"Ta ina? Nuna mini."

Na faɗa mata ta ina.

"Haba Yaya. Abin da ɗa ke kwanciya ciki a zare shi ta nan ban sani ba? Maishe ta suka yi suka ɗaure."

Wata mata da ke zaune a kan buhu ta ce ai ko akuya sai an farke ta ake fitar da kayan ciki. Aka yi dariya.

Da muka isa gida na tsare mijin. Na ce ya faɗa mini abin da tafinta ya ce, kamar yadda ya faɗa.

"Ya ce ita ba sai an tsaga ba. Ta wata hanya za a bi a gyara, abin ba shi ƙara saukowa."

"Wace hanya?"

"Bai ce ba. Ƙasa yake kallo. Ni ma ƙasa nike kallo."

Na gane. A kaina tafintan ya iya cewa ciki, ya iya cewa tsaga, ba abin kunya a ciki. A kan auta kuwa, namiji zai gaya wa namiji inda za a bi a jikin matarsa. Bakinsa bai iya ba. Ya tsallake wurin, ya tsallake da sauran maganar. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abin bai ƙara saukowa ba.

Ta warke da sauri. Kafin shinkafa ta nuna tana daka, ina hana ta tana ƙi. Mata suka riƙa kwatanta mu a bakin rijiya. Ta babbar an yanka, ga ta nan har yau ba ta cika tulu. Ta autar an gyara, ga ta kamar budurwa. In wata ta kamu da ciwon mata sai a ce Allah ya sa irin na auta ne.

Wata ya zo ba ta ga al'ada ba. Wani ya zo ba ta gani ba. Ta shigo ɗakina da hantsi, ta zauna a bakin gado tana murmushi, ta ɗaga mini yatsu biyu.

Na ce, "Ni ma ban ƙara gani ba tun da aka yi mini. Ba ki ƙara ganinta har abada. Ba ciki ba ne."

Ta tashi ta fita. Da yamma uwarmu ta aiko a kira ni.

"Ke wace irin 'yar'uwa ce? Yarinya ta binne ɗiya nawa, Allah ya dube ta, ki tsaya kina mata baki?"

"Inna, ba baki ba ne. Wadda ta tsaya a kan aikin ita ta gaya mini."

"Taki mun ji an gani a tasa. Tata wa ya gani?"

Ba wanda ya gani. Ƙarama ce, ba abin nunawa ba ce, ba wanda ya yi tunanin kawo ta.

Lafiya ta zauna mata, tana ci, ta yi ƙiba, cikin ya ɗan tasa. Ta ɗinka 'yan riguna. Watannin haihuwa suka cika suka wuce. Tsofaffin nan da suka taɓa ni suka zo suka taɓa ta, suka ce ya kwanta. Na ce haka kuka ce a kaina. Suka ce ai naki jini yake zuba, nata ko ɗigo babu, wannan shi ne kwantacce na gaskiya. Aka soma jiƙa mata saiwoyi. Mijin ya riƙa kawo rubutu daga malaman ƙetaren gulbi. Wani maganin ya sa ta zawo har ta kasa tashi, tana farfaɗowa ta nemi wani.

Na ce mu koma asibitin su faɗa mata da bakinsu. Ta ce in kai ta su ga ciki ya daɗe su tsaga su kashe mata ɗa? Ta daina cin abincin da na aika. In na shiga gidanta sai ta ja gyale ta rufe cikin. Mutane suka ce hassada ce, tun da nawa ya ƙare ba na so wata ta samu. Na ji da kunnena a kasuwa.

Ana nan mijinta ya kwanta da zazzaɓi a tsakiyar damina. Bai tashi ba.

Ta shiga takaba. Da wata huɗu da kwana goma suka kusa, liman ya aiko matarsa ta tambaye ta ko da juna biyu, kamar yadda ake yi kafin a raba gado. Ta ce akwai, yana kwance. Liman ya ce to takabarta ba ta ƙarewa sai ta haihu, kuma a tsayar da rabon gonar fadama har a ga abin da aka samu.

Na yafa mayafi na tafi zaurensa. Ban taɓa shiga ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah shi gafarta malam, ba ciki a jikin yarinyar nan. Ba ta da inda ciki zai zauna."

Ya saurare ni har na gama. Ba wawa ba ne, kuma bai raina ni ba. Ya tura matarsa da wata tsohuwa su duba. Suka dawo suka ce cikinta sumul, ba a taɓa sa masa wuƙa ba. Suka ce nawa ma sun sani, ba ya ɓoyuwa.

Ya ce, "Baiwar Allah, a kan abin da ke cikin mace, macen ake gaskatawa. In na bi taki na fid da ita daga takaba, aka raba gona, aka ɗaura mata aure, sannan ɗan ya zo fa? Na cuci maraya, na ɗaura aure kan ciki."

"Ba shi zuwa."

"Kawo mini wanda ya yi aikin, ko wadda ta gaya miki."

"In ban same su ba?"

"Ciki na da iyakar kwanciya. Shekara biyar. In sun cika ba a ga komai ba, ta fita."

Na sake shiga motar nan ni kaɗai. Baturen ya koma ƙasarsu. Tafintan ya bar aiki. Nas ɗin an mai da ita kudu, ba wanda ya iya gaya mini garin. Sababbin ma'aikatan suka ce abu mai sauƙi ne, in kawo ta su duba, nan take za su faɗa. Na ce mai takaba ce. Suka ce to in ta fita. Na ce ba ta fita sai an duba. Wani saurayi a cikinsu ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

Na dawo na roƙi liman ya yarje mata tafiyar, tun da neman lafiya ne. Ya yarda. Ita ta ƙi. Ta ce mijinta ya bar mata amana, ba ta kai ta a taɓa.

Haka ta zauna. Ba kitso, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Tsohon zane ɗaya, da 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa. Ba biki, ba suna, ba kasuwa. Autar da ko Bayarabiya ba ta cin ta a ciniki, in tana sayar da kifi har daga rumfar masu gishiri ake jin dariyarta. Ni na riƙa ɗaukar bandarta da tawa zuwa Lolo. In na yi nisa da kaya a ka sai tabon ya riƙa ja, in sauke a gindin itace in huta in sake ɗauka. Ta koma cin abincina, don ba wani mai kawowa. Maganar kuwa ba ma yin ta. Na faɗa har na gaji, ita ma ta gaji da ji.

Wani abokin mijinta, mai jirgi shi ma, matarsa ta rasu ta bar masa yara ƙanana. Ya zo wurina ya ce in auta ta fita yana so. Ya san labarin, ya ce shi ba haihuwa yake nema ba, uwa yake nema wa ɗiyansa. Na ce ya jira. Ya jira damina ɗaya, ya jira ta biyu. Yara ba sa jira. Ya auri wata daga Lafagu. Ban ga laifinsa ba. Yaran nan da sun cika mata ɗaki.

Uwarmu ta rasu a cikin shekarun. Tana kan gado tana ce mini in ɗan auta ya zo in riƙe shi da kyau, in cire abin da ke raina. Na ce to.

Gonar fadama ta yi ciyawa. Ƙannen mijin suna wucewa suna kallonta, ba su ce komai ba sai a bayan ido.

Da shekarun suka cika liman ya aiko. Aka dafa ruwa, ta yi wanka, aka kira mai kitso. Da aka tsefe kan sai ga furfura ta cinye gaban. Aka raba gonar, aka ba ta nata. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Rigunan da ta ɗinka ban san inda ta kai su ba. Ba wanda ya ƙara zuwa nemanta. Ta koma kasuwa, amma ta zauna a bayana tana miƙo kifi, ni nake ciniki.

Wata rana da hantsi muna fere kifi a tsakar gidana, mu biyu. Tana yanka tana jefawa a kwando. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Matar nan ta asibiti. Ta ce miki ta ƙasa?"

"Ta ƙasa."

"Duka?"

"Duka."

Ta fere wani. Ta wanke wuƙar a ƙwarya, ta goge a zane.

"To ina suka kai ta? Ko mabiyiya ai bayan ɗaki ake binne ta."

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba?"

"Tawa ma ban tambaya ba. Na gan ta a tasa, aka fita da ita."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo kwandon kusa da ita, ta ce in tashi in hura wutar banda, rana na yi.